Inbata ta ƙone, yayan matata ya ce babu garanti

Assalamu alaikum Malam. Wata bakwai da suka wuce na sayi inbata mai ƙarfin 1.5kVA da manyan batura biyu masu ruwa, kowanne 12V 200Ah, a hannun yayan matata, domin sana'arsa ke nan. Ya ce inbatar tana da garantin shekara ɗaya, baturan kuma wata 18, ya ba ni rasit da katin garanti. Na gaya masa zan ɗora fitilu shida, fanka uku, talabijin da firiza, ya ce za ta riƙe har gari ya waye. Yaronsa ne ya zo ya haɗa, kuma gidan gaba ɗaya ya ɗora a kanta. Daga baya na riƙa kunna injin tura ruwa zuwa tanki mai ƙarfin doki ɗaya, iyalina kuma tana yin guga a kai. Takan yi ƙara ta ɗauke, sai in kashe in sake kunnawa. Tun a wata na biyar baturan suka daina wuce awa biyu. Na gaya masa da baki, ya ce zai turo yaro, bai turo ba. Mako uku da suka wuce na kunna injin ruwa sai inbatar ta yi hayaƙi. Na kai wa wani mai gyara, ya buɗe ya ce ta ƙone a ciki, ban bari ya canza komai ba na ɗauko abata. Yanzu yayan matata ya ce babu garanti, wai na yi mata lodi fiye da ƙima kuma an yage hatimi, baturan ma wai ni na kashe su. Mun faɗa wa juna maganganu masu zafi, matata ta rasa inda za ta sa kanta, har zancen ya kai kunnen mahaifiyarsu. Wani abokina ya ce in musanta maganar guga da injin ruwa tunda ba wanda ya gani, in kai ƙara hukuma. Ni dai ina jin an cuce ni. Mene ne amfanin garanti in kaya zai lalace a ƙi canzawa?

Wani magidanci

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya mayar maka da alheri. Mutum ya tara kuɗinsa da wahala don gidansa ya samu haske, wata bakwai kawai ya koma cikin duhu, wannan kaɗai ya isa ɓacin rai. To ga shi kuma wanda ake jayayyar da shi ɗan'uwan matarka ne, wanda ba ka da damar juya masa baya ka tafi. Na kuma lura da kanka ka kawo maganar guga da injin ruwa, ba ka ɓoye ba. Wannan ne ya ba ni damar gaya maka abin da zai amfane ka, ko da wani sashensa ba zai yi maka daɗi ba.

Kai da surukinka kun ƙulle abubuwa uku a ƙulli ɗaya, shi ya sa kowa yake ganin ɗayan azzalumi ne. Maganar inbata daban, maganar aikin haɗawa daban, maganar batura daban. In aka warware su, za ka ga akwai inda hakkinka yake da ƙarfi, akwai kuma inda babu shi.

Garanti alkawari ne a kan abu guda: cewa kayan ya fito daga kamfani lafiya, kuma in wani aibi na ƙira ko na kayan haɗi ya bayyana a cikin wa'adin, alhali ana amfani da shi yadda aka tsara, za a gyara ko a canza. Waldar da ba ta kama ba, fankar sanyaya ciki da ta tsaya da kanta, ɗakin batir (ɗaya daga cikin sassa shida da ke cikinsa) da ya mutu ba dalili, duk waɗannan na kamfani ne. Abin da ya samu kayan bayan ya shigo hannunka, irin su lodi fiye da ƙima, shigar ruwa, faɗuwa, tsawa, ko juya wayar batir, kusan kowane katin garanti ya cire su da suna. Ɗauko naka ka karanta bayansa, za ka same su. Ka kuma duba wa aka ba zaɓi tsakanin gyara da canji, domin yawanci kamfani ne ke zaɓa, kuma da gyara yake farawa. Malaman fiƙihu ma a babin zaɓin aibi sharaɗin da suka sa ke nan, cewa aibin ya kasance yana jikin kayan tun kafin mai saye ya karɓa.

To mu auna inbatarka da wannan ma'auni. Wannan 1.5kVA da aka rubuta a jikinta, a yawancin irinta yana nufin wat 1,200 ne na ainihin aiki. Kayan da ka lissafa wa surukinka, fitilu shida masu wat 10, fanka uku masu wat 70, talabijin mai wat 80 da firiza mai kamar wat 150, sun tashi wajen wat 500. Wannan tana ɗauka ba wahala, don haka bai yi maka ƙarya ba a nan. Dutsen guga shi kaɗai yana cin wat 1,000 zuwa sama, wasu har 2,000. Injin ruwa mai doki ɗaya yana jan wajen wat 1,000 in ya riga ya kama gudu, amma a daƙiƙar farko ta tashi yakan ja ninki uku zuwa shida na wannan. Inbata irin taka takan jure ninki biyu na ƙarfinta na 'yan daƙiƙoƙi kawai. Ka ga duk lokacin da aka kunna injin nan alhali fanka da firiza suna aiki, ana neman ta ba da abin da ya ninka ƙarfinta kusan sau uku ko fiye. Duk wannan wutar tana bi ne ta wasu 'yan ƙananan makunnai da masu gyara ke kira mosfet. Kowane bugu yana gasa su, har ranar da ɗaya zai narke ya ja sauran. Hayaƙin da ka gani shi ne wannan.

Ƙarar da take yi ta ɗauke, gargaɗi take yi maka, kuma kariyarta ce ke aiki yadda aka ƙera ta. Kashewa da sake kunnawa ba tare da rage lodi ba, mayar da ita cikin wutar da ta gudo daga ciki ne, tun ba ta huce ba. Da a ce ta ƙone a karo na farko ba ƙara ba ɗaukewa, da kana da hujja mai kyau cewa kariyar da aka yi alkawari ba ta yi aiki ba. Amma ta yi ta kare kanta wata da watanni. Saboda haka, ɗan'uwa, kada ka sa rai kamfani zai ba ka sabuwar inbata kyauta, kuma ƙin da za su yi ba zalunci ba ne.

Maganar hatimi kuwa ba ta kai nauyin da surukinka ya ba ta ba, amma ta rage maka ƙarfi. Kamfani yana sa shi ne don ya san ba a sauya komai a ciki ba kafin injiniyansa ya duba. A Amurka dokar garanti ta 1975 ta hana kamfani ya soke garanti don kawai wani mai gyara na waje ya taɓa kaya, har hukumar kula da kasuwanci ta ƙasar, FTC, ta gargaɗi kamfanoni shida a kan irin wannan sharaɗi a 2018. A wurare da yawa kuwa abin da katin ya faɗa shi ake bi. Ka yi daidai da ba ka bari an canza komai ba. Koma wajen mai gyaran ya rubuta maka a takarda ranar da ya buɗe, abin da ya gani, da cewa bai cire ko ya sa wani abu ba. Daga yanzu kada kowa ya sake sa sukudireba a jikinta sai wakilin kamfani. Ka kuma san hatimin inbata bai shafi garantin batura ba ko kaɗan. Kayayyaki biyu ne, kowanne da lambarsa da wa'adinsa.

Yanzu ga inda surukinka yake da nasa kason. Wanda ya san aikinsa ba ya ɗora gida gaba ɗaya a kan inbata mai wat 1,200. Ana ware layi ne, a sa fitilu da fankoki da 'yan soket kaɗan a kanta, a bar injin ruwa da soket ɗin guga da duk abin da ke dafa ruwa a kan wutar layi ko janareta. Ana kuma sa birika, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in lodi ya yi yawa, daidai ƙarfinta a bakin fitar wuta, da fis tsakanin batura da inbata. Da an yi haka, da ko iyalinka ta jona dutsen guga a soket ɗinsa ba zai samu wuta daga inbata ba. Yaron da ya yi aikin surukinka ne ya turo shi, don haka kuskurensa yana wuyan maigidansa. Ka duba wayoyin da suka tashi daga batura su ma. In inbata tana cike da lodi, wutar da ke bi ta cikinsu ta haura amp 50, wadda ke buƙatar waya mai kaurin 16mm² zuwa sama, gajeriya, an ɗaure bakinta tam. In ka ga siririyar waya, ko baki da alamar narkewa a bakin ɗauri, ɗauki hoto kafin kowa ya taɓa. Ka tuna kuma ko sun ba ka littafin bayani, ko sun ce maka kada a yi guga a kai. In ba wanda ya faɗa, wannan gazawa ce daga mai sayarwa. Ba ta wanke ka duka ba, tunda na'urar da kanta ta yi ta faɗa maka, amma ta isa ta sa a raba asarar.

Batura su ne babbar magana, domin su suka fi tsada a irin wannan haɗi, kuma su ne har yanzu ba wanda ya san gaskiyarsu, kai ko shi. Kafin komai akwai abin gaggawa. Tunda inbatar ta ƙone mako uku ke nan babu mai yi musu caji, kuma batir mai ruwa in ya zauna babu caji, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantan dalma da ke cikinsa, kullum yana ƙara tauri har caji ya kasa narkar da shi. Kowace rana da kuka ƙara kuna jayayya, baturan suna ƙara mutuwa, hujjar da za ta raba ku kuma tana gogewa. Tura wa surukinka saƙo a rubuce yau cewa za ka kai su caji da gwaji, ka nemi ya zo ko ya turo wakili, kuma zai fi kyau a yi a wajen dilan kamfanin batirin.

Ga yadda gwajin yake. Da farko a buɗe marafan kowane batir a ɗauki hoton matakin ruwan ɗakunansa shida kafin a ƙara komai. In farantan sun fito waje sun bushe, wannan rashin kula ne, domin irin waɗannan batura suna son a duba ruwansu duk wata ɗaya ko biyu, a ƙara tataccen ruwan batir kawai, ba ruwan famfo ba, ba asid ba. In akwai ɗakin da ya bushe, a zuba abin da zai rufe farantan kawai, sannan a yi caji, a cike sauran bayan an gama. A raba baturan, a caja kowanne shi kaɗai har ya cika, a bar shi ya huta aƙalla awa shida ba a jona masa komai ba. Lafiyayyen batir zai nuna bolt 12.6 zuwa 12.8 a mita. Wanda ya tsaya a wajen 10.5 bayan cikakken caji, alama ce ɗaki ɗaya ya mutu, tunda kowane ɗaki yana ba da wajen bolt 2.1. Sai a auna kaurin ruwan kowane ɗaki da bututun gwaji, haidiromita. A cikakken batir ɗakunan shida kan yi kusa da juna, a tsakanin 1.24 da 1.28 gwargwadon irinsa. In ɗaya ya gaza sauran da 0.05 ko fiye, wannan ɗakin ba shi da lafiya. Daga ƙarshe a ɗora lodi. In an rubuta C20 a jikin batirin, ma'anarsa zai ba da amp 10 na tsawon awa 20 kafin ya sauka zuwa bolt 10.5, sai a ga awa nawa naka zai yi. A yi duk wannan a wuri mai iska, ba wuta ba sigari a kusa, domin batir yana fitar da iskar da ke kamawa in ana caji, kuma a cire zobe da agogon ƙarfe.

Abin da ya sa wannan gwaji yake raba gardama shi ne baturan nan biyu tare suka yi aiki, wuta ɗaya ta bi ta cikinsu, wahala ɗaya suka sha. In ɗaya ya fito garau, ɗaya kuma yana da mataccen ɗaki alhali ruwansa cike yake, da wuya a ce kai ka jawo, domin da kai ne da duka biyun sun nuna. Wannan aibin kamfani ne, kuma a wata na biyar cikin 18 hakkinka ne a canza shi. A jeri irin naka batir ɗaya mai rauni yana jan ɗayan ƙasa, shi ya sa ake ganin kamar duka sun mutu. In kuwa duka biyun sun raunana daidai wa daida, ɗakuna goma sha biyu duk sun sauka tare, to yadda aka yi amfani da su ne.

Ko da hakan ta fito, akwai abin dubawa a maganar nan ta "har gari ya waye". Batura biyu masu 200Ah a jere suna riƙe da wat 4,800 na awa ɗaya a lissafi. Batir mai ruwa yana daɗewa ne in ba a cika zuƙe fiye da rabinsa ba, wato 2,400, inbata kuma tana cin nata kaso, sai ya rage wajen 2,000. A kan lodin wat 350 da dare, wannan awa shida ne ko ƙasa da haka. In a watannin farko suna kai ku asuba, to kullum ana tatse su ne har kusan ƙasa. Sannan batirin da aka ci rabinsa yana buƙatar a mayar masa da fiye da 100Ah, wanda a cajin amp 15 zai ɗauki wajen awa takwas. In wutar da kuke samu ba ta kai haka ba, kullum suna kwana da yunwa. Zafi ma yana da hannu, domin duk ƙarin digiri 10 a kan digiri 25 na ma'aunin Selsiyas yana rage kusan rabin rayuwar irin wannan batir, don haka ka duba inda aka ajiye su. Duk wannan lissafi mai sayarwa ne ya kamata ya yi maka shi kafin ya karɓi kuɗinka. Alkawarin da ya yi ya wuce abin da kayan za su iya ba tare da sun cutu ba, kuma da ka kai kuka a wata na biyar ya kamata ya turo a duba, domin a lokacin ana iya ceto su.

Ka karanta katin baturan da kyau a kan abu ɗaya. Wasu kamfanoni suna raba wa'adin gida biyu, kashi na farko canji kyauta, kashi na biyu rangwame a kan sabo gwargwadon watannin da suka rage. Ranar da aka fara kai ƙorafi ita ke nuna kashin da ka faɗa, shi ya sa ƙorafin baki yake cutar da mai saye. Duba wayarka ko akwai saƙo ko kira na wancan lokacin, ko wanda yake wurin da ka faɗa masa.

Bayan garantin kamfani, ƙasashe da yawa suna da doka da ta ɗora wa mai sayarwa alhaki ko babu kati. A Tarayyar Turai wa'adin aƙalla shekara biyu ne, kuma tun 2022 aibin da ya bayyana a shekarar farko ana ɗauka da shi kayan ya zo sai in mai sayarwa ya kawo hujjar akasin haka. Dokar ta kuma lissafa kuskuren haɗawa a matsayin aibin kaya in mai sayarwa ne ya haɗa ko ya sa aka haɗa. A Birtaniya dokar 2015 ta ba mai saye kwana 30 ya mayar da kaya mai aibi ya karɓi kuɗinsa, a Afirka ta Kudu kuma dokar 2008 ta ba da wata shida na mayarwa. Ofishin hukumar kare masu saye na ƙasarka zai gaya maka wa'adin da ya shafe ka. Amma ko a inda doka ta fi tausaya wa mai saye, ba ta biyan ɓarnar da shi ya yi da hannunsa.

Shawarar abokinka kada ka ɗauke ta. Dukiyar da aka karɓa da ƙarya ba halal ba ce, ko ta kamfani ce ko ta suruki. Kuma ba za ta ɓoyu ba. Injiniya yana gane ƙunar lodi daga yanayin allon lantarkin da ke cikin inbatar, wasu inbatocin ma suna ajiye lambar matsalar da ta sa suka ɗauke, layin injin ruwa kuma yana nan a jone inda kowa zai gani. Sannan ka tuna wa ta yi gugar. In ka musanta, ka sa matarka ta zaɓi tsakanin yi wa yayanta ƙarya da ƙaryata mijinta. Ranar da aka kama ka a wannan, maganarka ta batura ma, wadda ƙila gaskiya ce, ba wanda zai ƙara saurara.

Ka ɗan tsaya a inda surukinka yake tsaye. Ba shi ya ƙera kayan ba. In ka kawo, shi ma turawa zai yi ga kamfani, in suka ƙi, daga aljihunsa za ta fita. In ya saba tura kayan da aka lalata da sunan garanti, kamfani zai daina yarda da shi. Da alama tsoron wannan ne ya sa ya rufe ƙofa gaba ɗaya har da ta batura, ba tare da ya gwada su ba, kuma a nan ya yi kuskure. Laifi tudu ne, kowannenku ya taka nasa yana hango na ɗan'uwansa.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka same shi kai da shi, ba a gaban masu saye ko yaransa ba, ka kuma fara da naka. Ka ce masa, "Yaya, na bincika, na gane guga da injin ruwa su suka ƙona inbata, wannan nawa ne, kuma maganganun da na faɗa cikin fushi ka yafe ni." Mutumin da ya shirya kare kansa in ya ji haka yakan sauko. Daga nan ka nemi abubuwan da suke daidai. Ya tura inbatar wajen gyaran kamfani, su rubuto dalilin ƙonewar da abin da gyara zai ci. Sau da yawa ana canza mosfet ɗin da abin da ke tuƙa su, ko allon gaba ɗaya, ba sai an sayi sabuwa ba, matuƙar taransifomar ba ta ƙone ba. Kai ka ɗauki kuɗin kayan gyara, shi ya ɗauki kai da kawowa da sake haɗa gidan yadda ya kamata, da ware layi da sa birika da fis, tunda aikin yaronsa ne bai cika ba. Batura kuma ku amince tun kafin gwaji cewa duk abin da ya nuna shi za a bi. In ɗaki ya mutu, ya shigar da takardar canji da lambar batirin da hoton rasit. In duka sun raunana, ka roƙi a gwada farfaɗo da su da dogon caji a hankali a wajen wanda ya iya, in kuma sai an sayi sababbi, ya sayar maka a yadda ya saro, saboda alkawarin da ya wuce gona da iri da ƙorafin da bai bi ba. In batir ɗaya aka canza, a gwada tsohon a tabbata yana da ƙarfi kafin a jera su, domin raunanne yana cinye sabo. Abin da kuka daidaita a kai ku rubuta shi, ko da a saƙon waya ne, da ranar da za a yi kowane abu.

Matarka kuwa ka cire ta daga tsakiya. Kada ka aike ta da saƙo, kada ka tambaye ta wa take ganin ya fi gaskiya, kuma kada maganar guga ta zama abin gori, domin da alama ba wanda ya gaya mata, kai ma da kake kunna injin ruwa ba ka sani ba. Gaya mata ka ɗauki naka laifin kuma za ku gyara da yayanta. Ka je ka gaida mahaifiyarsu, ka ce mata magana ce ta ciniki kuma ana kan warware ta, hankalinta ya kwanta.

In ya ƙi ko da gwajin ne, nemi mutum ɗaya da ku biyun kuke jin nauyinsa, zai fi kyau wanda ya san harkar lantarki, ya zauna da ku. In hakan bai yiwu ba, katin garanti yana ɗauke da adireshi ko lambar kamfanin, kuma kana iya kai baturan wajen wakilinsu kai tsaye da rasit ɗinka, ba sai ta hannun wanda ya sayar maka ba, in dai katin bai ce akasin haka ba. Hukuma ita ce matakin ƙarshe. In ta kai ga haka, ƙorafinka ya tsaya a kan batura da aikin haɗawa, ka faɗi maganar lodi da bakinka tun a takardar farko, ka haɗa da rasit, katin garanti, hotunan wayoyi, takardar mai gyara da sakamakon gwaji.

In an gyara an dawo da ita, rubuta wat 1,000 a takarda ka manna a jikin bango kusa da ita a matsayin iyakar gidan, ka nuna wa kowa yadda ake karanta wat a bayan kowane kayan wuta. A riƙa tura ruwa da yin guga lokacin da akwai wutar layi ko janareta. In ta yi ƙara, a kashe abin da aka kunna na ƙarshe, a ba ta minti goma ta huce kafin a tayar da ita. In kuma kana son injin ruwan nan ya yi aiki a kan inbata dole, kai takardar bayanin injin wajen mai sayarwa, ya rubuta maka a kan rasit cewa inbatar da zai ba ka tana ɗaukar tashinsa. Allah ya daidaita tsakaninku, ya mayar muku da hasken gidanku.